Gaban Jirgin Kawu

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma. Duk wanda ya zauna a tabarmar makokin Kawu ya faɗi wannan, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da suka ɗora a kai ne ƙarya.

Ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidan ina jin su. Wani dattijo da ya zo daga Garun Mallam ya ce marigayi mutum ne mai sanyin hali. Na ɗaga kai na dube shi da kyau. Mutumin nan Kawu ya taɓa bin sa da filafilin tuƙi har bakin titi, don ya wanke babur a inda ake ɗaure jirgi. Wani ya ce shi bai taɓa jin marigayi ya ɗaga murya ba. To sai dai in kurma ne. Liman ya ce mai haƙuri ne, sahu duka ya amsa, mai haƙuri ne.

Da na shiga cikin gida yi wa matarsa gaisuwa, wadda muke ce wa Iya, sai ta jawo ni kusa ta ce, "Ka ji wai mai haƙuri ne? Allah ya sa mala'iku su tsaya a bakinsu, kada su zo su tambaye ni." Ta faɗi haka sannan ta rufe fuska da mayafi. A duk gidan nan kukanta kaɗai na yarda da shi.

Masunta masu jan koma kuwa a ayari suka zo. Ba su gama shafa fatiha ba ɗayansu ya karkato ya ce mini, "Yanzu wa zai riƙe Ƙafafu?" Ƙasar kabarin ba ta bushe a ƙafarsa ba.

Tambayar nan ce ta sa na zauna rubutu. Kawu wan mahaifiyata ne, kuma ba mutumin kirki ba ne irin wanda ake faɗa a tabarma. Amma ya iya abu ɗaya da babu wanda ya iya a duk ruwan nan, ya kuma tafi ya bar shi a rabe: rabi a hannuna, rabi a hannun ɗansa na fari, taubashina, wanda muka yi shekaru ba ma gaisawa.

Ga wanda bai san wurin ba: a gefen dam ɗin da ke ba gonakinmu ruwa akwai wata tsohuwar matsaya da masu aikin dam suka kafa don ɗaure jirginsu mai inji. Jirgin ya daɗe da ruɓewa. Abin da ya rage ginshiƙai ne na siminti a tsaye cikin ruwa, da ƙarafa a gicciye tsakaninsu, da katakai a sama. Shi muke ce wa Ƙafafu. Ƙarƙashinsa duhu ne ko da rana tsaka, a nan giwan ruwa yake laɓewa yana jiran ƙananan kifi. Kowa ya san yana nan. Amma koma ba ta shiga, ƙarfe ya yaga ta. Mai fatsa kuma in ya jefa daga nesa ya bugi katako, in ya matso kifi ya ga inuwarsa ya nutse. Jirgin Kawu kaɗai yake fitowa daga wurin da kifi, shi ya sa tun ina saurayi ba a taɓa yin musun na wane ne ba.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya a baya yana riƙe da jirgi, ɗaya a gaba yana jifa. Ni aka ba baya.

Ran da na fara shiga jirginsa, bayan rasuwar mahaifina, bai tambaye ni ko na karya ba. Ya miƙo filafili ya ce, "Rana a goshinka, iska a hancin jirgi. In ka manta ɗaya, ka sauka ka tafi da iyo." Daga baya na gane dalilin da kaina, don shi ba ya bayani. In rana tana gabanka, inuwarka tana bayanka, ba ta faɗa wa kifi. In iska tana dukan hancin jirgi, tana ture ka ne daga ginshiƙai, ba ta kai ka kansu. Sai ka tsaya kamar tsawon jirgi biyu daga bakin katakon, ka tsaya cak, ruwa na motsi kai ba ka motsi. Ba a fitar da filafili daga ruwa, don ɗigon da zai zubo ma ƙara ne. A ciki ake murza shi a hankali, kamar mai dama kunu yana tsoron kada a ji. Ya naɗe gefen jirgin da tsohon tub na keke don kada itace ya taɓa itace.

Ba a magana a Ƙafafu. Da babban yatsan ƙafarsa ta dama yake ba ni umarni. Ya ɗaga shi, matsa gaba. Ya danne, tsaya. Ya karkata shi, bi da gindin jirgi can. Na fi sanin yatsan nan da fuskarsa: farcen ya tsage biyu, baƙi kamar ƙahon akuya. Ranar da aka yi masa wankan gawa ni na haɗa shi da ɗan'uwansa na ɗaure. Sai da liman ya taɓa ni ya ce an gama, don na tsaya ina kallonsa ina jira.

Abin jifan shi yake haɗa kayansa. Ya fasa tsohon batirin mota ya ciro dalma, ya narka a gwangwani, ya zuba ta a wuyan ƙugiya cikin ɗan ramin yumɓu. In ta huce ya ɗaura mata gashin zabo da siraran yankan jar roba. Bazawara yake ce mata, wai don ta ci ado kuma ta san inda maza suke zama a inuwa. Wannan ce kaɗai rahar da na san shi da ita, kuma ko ita ba ya dariya in ya faɗa.

Jifan kuwa, ba daga sama ba ne yadda masu fatsa suke yi. Gora a hannun dama, bakinta a ƙasa. Bazawara a tafin hagu. Ya sake ta, ya ɗaga wuyan hannu kaɗan, sai ka ga ta tafi tana shafar fuskar ruwa, ta shige ƙarƙashin katako, ta wuce ginshiƙi na farko, ta shiga ruwa a gindin na biyu ba tare da ko ɗis ba. Sai ya saki zare ta sauka a jikin simintin da nauyinta. A saukar nan kifi yake ɗauka. Ba ka jin komai a hannu, zaren ne kawai zai ɗan yi gefe. Daga nan aiki ya dawo kaina: in ja jirgi baya da duk ƙarfina, mu fizgo kifin fili kafin ya naɗe zare a ƙarfe. In na makara da ƙiftawar ido, an rasa kifi, an rasa bazawara, ni kuma in sha zagi har gida.

"Ɗan mace," haka yake ce mini, "Allah ya ba ka kafaɗa ya hana ka kai."

Na yi zaton baya makaranta ce, daga ita sai gaba. Ashe ba haka ba ne. Da taubashina ya tasa, sai Kawu ya ajiye tasa cike da ruwa a ƙarƙashin amalanke a tsakar gida, ya sa shi jifa daga bakin zaure. In ruwa ya fantsama, a sake. In dalma ta bugi tasar ta yi ƙara, a sake. Ina tsaye ina kallo. Wata rana da suka shiga sallah na ɗauki gorar in ji nauyinta kawai. Kawu ya sallame ya ce, ko waiwayowa bai yi ba, "Ajiye. Hannunka na tura jirgi ne." Daga nan taubashina ya hau gaba, Kawu ya koma tsakiya, ni ina inda nake.

Sai taubashina ya ga tumatir. Ya bar ruwa ya koma dillanci a Kwanar Gafan, ya yi babur, ya yi shadda, ya yi tumbi. Washegarin tafiyarsa na riga Kawu zuwa bakin ruwa na zauna a gaba. A lokacin ina da mata da 'ya'ya, furfura ta fara fito mini. Ya iso yana jan gwiwarsa mai ciwo, ya shiga ruwa har cinya, ya tsaya a gefen jirgin.

"Ka ɓata hanya ne?"

"Ban ɓata ba, Kawu. Gaba babu kowa."

"Ga ni."

"Don ni ɗan mace ne? Shi ɗanka ne ka ba shi, ya yar. Ni da na tsaya fa?"

"In ka zauna a nan, wa zai zauna can? Ni?"

"Ka koya wa wani."

"Na gwada mutane kafin kai. Duk jakuna ne."

"To ni ma ai jakin ne, tunda kullum haka kake faɗa."

"Kai jakin da ya san hanya ne. Koma."

Na ce ba zan koma ba. Ya tsaya a cikin ruwan nan mai sanyi da gwiwarsa, yana kallon Ƙafafu, har rana ta fito sosai, har masu koma suka taru a gaɓa suna kallonmu. Tsoho a ruwa, ni a zaune. Ya san abin da yake yi. Na tashi na koma baya.

Labarin ya riga ni zuwa kasuwa. Ranar kasuwar Kura na bi ta gaban rumfar da taubashina yake zaune da abokansa, ya ɗaga murya ya ce, "Ga jakin Baba! An ce ka hau sirdi aka sauke ka. Bawa, ai kai ake hawa." Rumfa ta kwashe da dariya. Mutane suka ce wasan taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace sun saba. Na san wasan, na yi shi tun muna yawo ba wando. Amma akwai ranar da ba a yin sa, kuma ya san ranar ce. Tun daga nan ban ƙara amsa sallamarsa ba.

Zan faɗi ɗaya da ya yi mini, don kada a ce na ɓoye. Wata shekara babur ya kayar da ni a gefen kanal, kafaɗata ta goce. Kawu ya jawo jirginsa kan tudu ya kife shi. Samari sun zo sun ce za su riƙe masa, ya kore su. Rani guda bai shiga ruwa ba, gidansa suna cin garau-garau babu ko ƙashin kifi, Iya tana mita. Kullum da safe sai ya zo zaurena da man shanu a ɗan kwalba, ya zauna ya murza kafaɗar da hannunsa har in ga taurari, yana cewa, "Uban wa ya aike ka hawa babur? Mai jirgi da babur, ka taɓa gani?" Har yau ban sani ba, ni yake jinya ko jirginsa. Na tambayi Iya, ta ce shi ma bai sani ba.

A ƙarshe idonsa ya yi rauni. Bazawara ta fara bugun katako, ƙwas, kifi ya watse. Sai ya juyo ya ce na karkata. Ban karkata ba, shi ma ya sani. Fitarmu ta ƙarshe ya jefa ya buga, ya jefa ya buga, sannan ya kwantar da gorar a kan cinyarsa. Na ce a raina yau kam zai miƙo mini. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Juya mu tafi gida." Wannan shi ne mai haƙurin da aka yi wa shaida.

Bayan sadakar bakwai sarkin ruwa ya kira ni. Ya ce, "Ka san al'ada, wuri na mai aiki ne. Masu koma sun dame ni. In aka saki ruwan noman rani dam zai ja baya, ƙarafan nan za su fito fili. Suna so su kawo mai walda ya yanke su, koma ta samu hanya. In jirginku yana aiki a wurin, ba mai taɓawa. In ba ya yi, ba ni da bakin hana su."

Na gwada ni kaɗai. Ba ya yiwuwa. Ka saki filafili ka ɗauki gora, iska ta juya ka. Na hau mota zuwa Kwanar Gafan.

Na same shi a tsakiyar kwanduna, waya a kunne, yana yi wa wani direba ihu. Ya gan ni ya sauke wayar.

"Ikon Allah. Bawa ya zo gaida ubangijinsa."

"Ban zo gaisuwa ba. Za a yanke Ƙafafu."

"A yanke mana. Ni na kafa?"

"Ubanka ya ƙare ransa a wurin."

"Ya ƙare namu dai."

Na juya zan tafi. Ashe Iya ta riga ta aika masa. Ya ce daga bayana, "Jibi da safe. Kuma don tsohuwa zan zo, ba don fuskarka ba."

Ya zo da shadda da takalmi sau-ciki. Na ce ya tuɓe, ya kashe waya. Ya shiga, jirgi ya nutsa ta gaba saboda tumbi. Na kai mu, na tsayar. Ya ɗauki gorar ubansa yana juya ta kamar bai san ta ba. Jifan farko ya bugi katako.

"Dillali," na ce a hankali.

"Ka karkata ne."

"Gadon ƙarya ma ka ci?"

Muka koma ɗaya gefen muka jira ruwa ya manta da mu. Ya sauke kafaɗa. Ya saki. Wallahi na ga abin da ban ƙara zaton zan gani ba: ta tafi ƙasa-ƙasa, ta shige duhu, ta shiga ruwa kamar an ajiye ta da hannu. Zare ya sauka, ya sauka, ya yi gefe. Ban jira kowa ba, na ja baya har kafaɗar nan ta yi ƙara. Kifin ya fito fili yana tsalle, baki a buɗe, giwan ruwa kamar cinyar babban mutum. Ya ja, na juya masa jirgi, ya sassauta, na bi. Muka jefa shi cikin jirgi.

A gaɓa mutane suka taru. Na ce masa, "Gobe ka zo da wuri. Kuma ka bar shaddar a gida."

"Ba gobe."

"Kai fa ka ga abin da hannunka ya yi."

"Na gani. Ka san me na ji da na saki? Tsakin Baba. Shekarun da kake ƙyashina, yana zaune a ƙeyata, duk jifan da na yi sai ya ja tsaki. Har wanda ya kamo kifi. Kai kana baya kana hutawa da zagi, ni ko zagin ban samu ba. Na tsani wurin nan, bawa. Ko warinsa ba na so."

"To koya mini. In samo mai riƙe jirgi, ni in hau gaba."

Ya dube ni, na ga yana neman abin tsokana bai samu ba. Ya ajiye ƙoƙo a ƙarƙashin wani kifaffen jirgi, ya ba ni gorar, ya tsaya a bayana ya kama wuyan hannuna. "Saki nan. Ba kafaɗa ba, nan." Na jefa, ta tashi sama. "Saki, na ce." Na sake, ta daki ƙasa a gabana. Ya murza wuyan hannun, ya lanƙwasa shi gaba da baya kamar mai duba akuya a kasuwa. Muka yi ta yi har rana ta take. Sannan ya sake ni.

"Ya sandare," ya ce. "Filafili ya cinye shi."

Da zagi ya faɗa, da na rama. Ba da zagi ya faɗa ba. Ya sa takalminsa, ya ce a kai wa Iya kifin, ya hau babur.

Na ci gaba da gwadawa a tsakar gidana har matata ta ɓoye tasoshinta. Sarkin ruwa ya ce kifi ɗaya ba aiki ba ne, kuma ban ga laifinsa ba. Aka saki ruwa, kanal-kanal suka cika, masu shinkafa da albasa suka shiga gona, dam ya ja baya, ƙarafa suka fito da tsatsarsu.

Ranar yankan na je na zauna a gaɓa don in tsine musu da idona. Suka ɗora mai walda da tukunyar gas ɗinsa a jirgin masu koma, mutum biyu suna tuƙi. Ta bayan iska suka shiga. Jirgi ya daki ginshiƙi, gum. Suka ja baya, ya juya, ya sake daka. Mai walda ya kunna wuta, jirgi ya zame, saura kaɗan ya ƙone ƙafar mai tuƙi. Suna ihu, suna buga filafili a gefen jirgi, ruwa na fantsama ko'ina. A Ƙafafu. A wurin da na yi rayuwata ban bar ɗigo ya faɗi ba.

Na ɗauka zan ji daɗi. Na zauna ina cije baki har na kasa. Na miƙe na ce, "Ku fito daga nan, jakunan banza! Haka ake riƙe jirgi a gidan ubanku?"

Na kwance jirgin Kawu. Na ɗauko mai waldan da tukunyarsa na zaunar da shi a gaba. Na zagaya na shiga ta inda ake shiga, na tsayar. Ya yanke na farko, ƙarfen ya faɗa ruwa yana huci. Na matsa da shi na biyu. Haka har ya gama, jirgi bai taɓa siminti ba ko sau ɗaya.

Da muka fito yana goge gumi ya ce, "Baba, kamar a kan ƙasa nake aiki. Wa ya koya maka?"

Na ce, "Wani mugun tsoho."

Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabari, ya sa kada a yi masa hisabi da bakinsa. Da yamma masu koma suka ja komarsu ta farko a Ƙafafu, suka aiko mini da kaso. Na ce a mayar musu.